Fagge: Unguwar Da Raƙuma Suka Kafa, Da Hanyar Ruwanta

 

Wannan makon ba zancen yaye ko riga-kafi na zo da shi ba. Labarin unguwarmu zan ba ki, Fagge ta Kano, inda aka yanke mini cibiya. Na san wata za ta ce, haba Sista, mu da muke jiran maganin tarin yara, me ya haɗa mu da tarihi? Ki yi haƙuri ki biyo ni, akwai inda za mu ɓulla.

Daminar 2021 ce, shekarar da amai da gudawa ya yi ɓarna a ƙasar nan. Hukumomin lafiya sun lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Ina aikin dare a ɗakin yara, ana ta tsuga ruwan Agusta, sai ga wata yarinya, da ƙyar in ta kai ashirin da biyu, hijabinta sharkaf, da yaro ɗan shekara biyu a kafaɗa. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, na ja fatar cikinsa na saki sai ta tsaya ba ta koma ba. Ko kuka ba ya iyawa. Muka samu jijiya da ƙyar muka saka masa ƙarin ruwa.

Da hankali ya ɗan kwanta na zauna cike kati, sai na ga wannan ne zuwansu na uku tun faɗuwar damina, duk a kan gudawa. Na ce, "Ƙanwata, me yake damun yaron nan haka?" Ta ce da farko an ce haƙori ne, yanzu kuma surukarta ta ce baki ne, don yaron yana da farin jini. Ta ƙara da cewa ɗan maƙwabciyarta ma irin wannan ciwon ya yi a satin, shi ko asibiti ba a kai ga kawo shi ba.

Na ce a ina kuke? Ta ce Fagge. Na ce ta wane layi? Ta shiga yi mini kwatance, a wuce makarantar allo, a bi gangare, gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Sai na ajiye biro. Na san wurin sarai. Lokacin da nake firamare babu gida ko ɗaya a nan, kududdufi ne, samari suna kama tarwaɗa a ciki, kuma kakata, wadda muke kira Inna, ta sha zane ni a kan zuwa bakinsa.

Zan dawo kan yaron. Bari in fara nuna miki unguwar, don ba kowace mai karanta shafin nan ce ta san Kano ba.

In kika tsaya a Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mata kika ba birni baya, abin da ke gabanki shi ne Fagge. Tana tsakanin ganuwa da Sabon Gari. Abin da ke cikin ganuwa shi Kanawa ke kira cikin gari, abin da ke bayanta kuwa waje, don haka mu 'yan waje ne, kuma an sha yi mana gori da hakan. Ƙaramar hukumar da ke amsa sunan Fagge a yau ta fi unguwar girma nesa ba kusa ba, ta haɗa da Sabon Gari da Rijiyar Lemo da Kwaciri da 'Yammata, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000. Ni ainihin Faggen nake nufi, wadda ke maƙwabtaka da Filin Idi da Kantin Kwari da Wapa ta 'yan canji. Ba ta da wani girma, da ƙafa za ki ratsa ta ba ki gaji ba, in dai 'yan adaidaita sun bar ki.

Asalinta zango ce. Abin da muka taso muka ji daga manya shi ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, nan ne masaukin Azbinawa masu zuwa da ayari. In kin yi tunani za ki ga dalilin a fili yake. Mutum ya taso daga Azbin da ɗaruruwan raƙuma ɗauke da kantun gishirin Bilma, ina zai kai su a lungunan cikin gari? Ga shi a wancan zamani ana rufe ƙofofin ganuwa da faɗuwar rana, sai gari ya waye a buɗe. Abin da madugu yake nema fili ne mai faɗi, kusa da kasuwa, kusa da ruwa, inda dabba za ta durƙusa ta huta. Sai suka sauke kaya a bakin ƙofa. Da safe a shiga Kurmi da gishiri, a fito da hatsi da fata da baƙin yadin da aka rina aka buga har yana ƙyalli, irin wanda suke naɗawa.

Inda baƙo ya sauka kuwa, mai abinci ba ta nisa. Fatoma ya kafa rumfa yana saukar baƙi, dillali ya zo, mai fura ta zo, mai tuwo ta zo, wanzami da maƙeri da malamin allo suka biyo baya. Wani Buzun ya ga 'yar mai fura ya fasa komawa. Kakan Inna irinsu ne. Har ta rasu tana ajiye guntun kantu a ƙasan gadonta, wai gishirin leda ba ya jin miya, kuma in na tsokane ta na ce Buzuwa, sai ta ce, "Ke kishiya, da raƙumin kakana bai gaji a nan ba, da yanzu kina can kina tatsar akuya a hamada."

Ga abin da nake so ki riƙe a cikin wannan labari. Ayarin gishiri ba ya zuwa ƙasar Hausa da damina. Da kaka suke tafiya Bilma, su iso nan da sanyin hunturu, su yi rani raƙuma suna kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manoma taki, kafin ruwa ya sauka sun juya arewa. Wato waɗanda suka zaɓi wurin nan, da gangan suka zaɓi ƙasa mai gangare kusa da rafi, don da rani suke buƙatarta, lokacin da ruwa abin nema ne. Ba su taɓa shirin yin Agusta a cikinta ba. Mu jikokinsu ne muka gaji zangon rani muka mai da shi gidan shekara.

Sauran tarihin da sauri zan bi ta kansa. Turawa suka ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Raƙumi ya fara ja da baya, amma baƙi ba su daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa. Musulmin da ya zo Kano neman arziki, bai da gida a cikin gari kuma bai ga wurin zamansa a Sabon Gari ba, Fagge yake sauka: Barebari, Nufawa, Yarbawa, Larabawa, mutanen Nijar da Chadi da Sudan. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kafa kantunan yadi a kudancin unguwar, kuma manya sun ce daga sunansu Kantin Kwari ya samo nasa. A zamanin Turawan ne aka yanka layukan nan miƙaƙƙu da suka bambanta Fagge da lungunan birni. Daga baya ga silimar Plaza, ga gidan jaridar Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, inda aka riƙa buga Albishir da Alfijir ta ajami. Shi ya sa ɗan Fagge yake da buɗaɗɗen ido, kuma shi ya sa a gidan biki ɗaya za ki ci dambu, ki ci amala, ki sha shayin Buzaye. Ban taɓa jin an tambayi amarya a layinmu daga ina iyayenta suka zo ba, don mai tambayar ma in an bi nata, kwana biyu za a yi ana tafiya.

To, yanzu ga ruwa.

Gidajen da aka fara ginawa na ƙasa ne, kuma ƙasar ba daga nesa ake kawo ta ba. A gefen unguwa ake haƙa, a kwaɓa, a yi tubali. Ramin da aka bari, damina ta cika shi, shi ne kududdufi. Duk tsohuwar unguwa a Kano haka take, gida a nan, raminsa a can. Wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa garin ba shi da lafiyar zama saboda fadamar da ta kusa raba shi biyu da kuma tafkunan da haƙar ƙasar gini ta bari. Fadamar da yake nufi ita ce Jakara. Kin ga ke nan matsalar ta girmi kakannin kakanninmu.

Ba zan yi miki ƙarya in ce kududdufi alheri ne zalla ba. Ya ci yara. Yana tara sauro. Samarin da ke wanka a ciki da yawa sun yi tsargiya, suna fitsarin jini ana cewa alamar balaga ce. Amma yana da aiki guda da babu mai yi sai shi: shi ne randar unguwa. Ruwan Kano ba a hankali yake zuwa ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokaci na sati guda a dare ɗaya. Da can in an yi irin wannan ruwa, kowane lungu ya san kududdufin da yake zuba wa, shi kuma ya riƙe ya riƙa saki a hankali.

Sai gari ya cika, fili ya yi tsada. Aka fara zuba shara a bakin kududdufi, shekara goma, shekara ashirin, har ya cike. Wani ya zo ya baza jar ƙasa a kai, ya aza bulo, ya yanka ɗakuna, ya sa haya da sauƙi. Wanda ya zo daga baya bai san komai ba, gida ya gani da fenti. Amma ruwa bai samu labarin an sayar da wurin ba. In ya sauko, hanyar da ya saba ita yake bi, in ya tarar da ɗaki a inda ya bar rami, ɗakin yake shiga.

Wanda ke shiga ɗaki ma da sauƙi, ana ganinsa a kwashe. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na ƙarƙashi. A irin wannan wuri ruwa yana kusa, kamu kaɗan za a haƙa a same shi, mai gida har murna yake rijiyarsa ba ta ci kuɗi ba. Masai ma a tsakar gidan yake. A makarantar jinya an koya mana a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Ki gaya mini gidan haya nawa ne a tsohuwar unguwa tsawonsa gaba ɗaya ya kai haka. In kin kauce wa naku, na maƙwabta yana bayan katanga. Da rani ƙasa tana ɗan tacewa. Da damina kuwa ruwan ƙasa ya taso, masai ya cika, sharar da ke ƙarƙashi ta jiƙe, duk su zama abu ɗaya, a zura guga a ɗebo. Kuma ruwan ya fito garau, babu wari babu launi. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa canja wa ruwa kama.

Duk abin da unguwa ta zubar kuma, Jakara yake nufa. Daga cikin birni ta taso, ta bi ta gefen Kurmi, ta keto ganuwa ta fito ta gefen Fagge, ta kwashi ruwan lambatu da na Abbatuwa, ta wuce Sabon Gari, can gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har dam ɗin Wasai a Minjibir. A 2013 aka fara aikin rufe wani sashenta a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju, aka daɗe ba a kai ƙarshensa ba. A Agustan 2022 kuma kowa ya ga hotunan Kantin Kwari a waya, ruwa ya shiga shaguna, dilolin atamfa da shadda suna iyo, 'yan kasuwa suna kuka da gine-ginen da aka aza a kan magudanai. Ranar na ce a raina, manya sun ce daga Kwarori sunan ya fito, amma yau kam kwarin ne ya amsa.

Kada wadda ke zaune a Nasarawa ko Bompai ta ce wannan matsalar 'yan Fagge ce. A bakin Jakara akwai lambuna, irin na Kwakwaci, kuma da ruwanta ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin gari. Ban ga laifin masu lambu ba, ruwan da ke gabansu ke nan, da shi suke ciyar da iyali. Amma ke mai saye, ganyen da za a dafa ki dafa shi sosai, wanda za a ci ɗanye ki wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, ba ki tsoma a roba ɗaya ki tsame ba. Ni dai da damina ba na ba ƙananan yarana ɗanyen latas ko na ina ne.

Akwai labarin da aka ba mu a aji wanda ban gane amfaninsa ba sai a daren nan. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, lokacin mutane sun ɗauka wari ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya ɗauki taswirar unguwar yana saka alama a kan duk gidan da aka yi rasuwa. Sai alamomin suka taru a kewayen famfo ɗaya na kan titi. Ya lallashi hukuma aka cire hannun famfon. Bayan zuwan yarinyar nan ni ma na sayi ɗan littafi, duk yaron da aka kawo da gudawa daga yankinmu sai in rubuta layinsu. Ba bincike ba ne, ban isa in kira shi haka ba. Amma kafin damina ta fita, layukan da suka fi maimaituwa su ne waɗanda Inna take kira kwari, wasu ma da sunan kududdufin da ke wurin take kiransu.

Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Kwana uku suka yi. Ranar sallama na zaunar da uwar na ba ta labarin kududdufin, na ce ba haƙori ba ne, ba kuma baki ba ne, rijiyarku ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Sista, ina za mu je? Kuɗin shekara ya biya, kuma nan ne daidai ƙarfinsa." Gaskiyarta. Saurin cewa a tashi, maganar wanda bai taɓa biyan haya ba ce. Sai muka zauna muka duba abin da ke hannunta.

Ruwan rijiyar ya koma na wanki da shara kawai. Na sha da na wanke kwanon yaro, ko a tafasa shi har ya yi ɓararraka, ko a ɗiga masa kulorin irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira rabin awa. Na ce ta bar zuba shi a randa mai buɗaɗɗen baki inda kowane yaro zai zura moɗa da hannunsa, ta sa a jarka mai murfi a riƙa tsiyayawa. Ruwan 'yan garuwa ma haka za a yi masa, don ba ki san inda aka cika jarkar ba, kuma ba laifi ba ne ki tambayi mai kurar. Fo ɗin yaro a masai za a juye shi, ba a lambatu ba. Mata da yawa sun ɗauka kashin yaro ba ƙazanta ba ne, alhali ya fi na babba ɗaukar cuta. A wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki, kafin a taɓa abinci.

Na sa ta ajiye ORS a gida tun kafin a buƙata, don gudawa ba ta jiran kemis ya buɗe. Ki duba jikin takardar, yawanci a lita ɗaya ake zubawa, wato ledar fiya-wata biyu. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe ba a tula ba, don gishirin in ya yi yawa shi ma illa ne. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, kuma kada a tsayar da nono ko abinci. A haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, guda ga wanda ya kai wata shida, rabi ga wanda bai kai ba. Amma in kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi yana ta barci, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, wannan ba na gida ba ne. Ki saɓe shi ku tafi ko ƙarfe nawa ne, ana ba shi ORS a hanya. Ɗan maƙwabciyarta safiya aka tsaya jira.

Sauro kuma, ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Mai kawo zazzaɓi ba baƙin ruwan lambatu ya fi so ba, ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili, a sawun taya, a ramin da aka ɗebi ƙasa, a tsakar gidan da bai da mafita. Kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Don haka duk ruwan da ya kwana uku a ƙofar ɗakinki, ki share shi ko ki cike wurin. Gidan sauro kowane dare, ba sai an ji kukansa ba. Masu bi gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin damina na yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ki buɗe musu ƙofa duk wata, kuma na rana ta biyu da ta uku da suke bar miki ki bayar, kada ya ƙare a kan firji.

Mijinta, Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba. Ya tara mazan gidan suka yashe lambatun ƙofa, suka ƙara wa dokin ƙofa bulo ɗaya, suka ɗaga bakin rijiyar suka yi mata murfi. Bai mai da kwari tudu ba, ruwa yana nan yana zuwa. Amma da na sake ganinta a shekarar da ta biyo, awon ciki ta zo, yaron yana gefe yana jan hijabinta yana neman biskit.

Ke kuma da ba ku kama gida ba tukuna, ko ake shirin kai ƙanwarki ko 'yarki, nan ne tarihin zai yi miki rana. Na san yawanci ba a zuwa da mu ganin gida, maigida ne da dillali, mu sai ranar jere. To ki ba shi saƙo, ko ki ba 'yan jere, su ɗaga ido daga labule su dubi gindin bango. In akwai zane a kwance kamar an ja layi, iyakar inda ruwa ya kai ke nan. In an yi sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, akwai abin da ake rufewa. In duk gidajen layin dokin ƙofarsu ya kai ƙauri, ko ga buhunan yashi a jingine, ba ado ba ne. In tsakar gida ta fi titi zurfi, kin san inda ruwan titin zai kwana. Dillali da rani yake son nuna gida, ke kuwa labarin Agusta kike nema, kuma ba a bakinsa za ki ji ba. Ki nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, mai ƙosai ko mai ƙuli, ki gaishe ta da kyau ki ce, "Iya, da can mene ne a wurin nan?"

Sau da yawa ma sunan unguwa ya riga ya gaya miki. Mutanen da ba su sa suna a banza. Wanda ya ce Kwarin Gogau ya san abin da ya gani, haka wanda ya ce Tudun Wada. Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, Gandun Albasa, Ɗorayi da Giginyu da Kurna, duk ƙauyuka ne da gonaki da itatuwa da Kano ta haɗiye, sunan kawai ya rage yana ba da shaida. Sai dai unguwa ɗaya tana iya samun tudunta da kwarinta, a Faggen ma akwai layin da ruwa bai taɓa kwana ba, don haka sunan mafari ne, tsohuwar ce za ta ƙarasa miki.

Inna ta rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙanta. A ƙarshen rayuwarta in na ɗauko ta a adaidaita za mu asibiti, ita ke yi wa direba kwatance, kuma da abubuwan da babu su take yi. "Ka bi ta bakin kududdufi, in ka kai wajen durumin nan ka karya dama." Yaron ya waiwayo ya dube ni, don shi shagunan waya kawai yake gani. Sai yanzu nake cizon yatsa ban zauna na rubuta duka ba.

Ki yi mini abu ɗaya a wannan satin. Ki tambayi tsohuwar unguwarku abin da ke wurin kafin a yi gidan da kike ciki, da inda ruwa yake bi in an yi mai yawa, ki rubuto mana a ƙasa tare da sunan unguwar, ko a Zariya kike, ko Damagaram, ko Kumasi. Ba sai kin faɗi layi ko gida ba. Masu tambaya a kan yaye da damina kuma, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.